BABI NA TARA: ASBESTO A GINE-GINEN MAKARANTU DA ƘA'IDOJIN CIRE SHI

9.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazari ne a kan wani kayan gini da ake kira asbesto, wanda aka daɗe ana yin rufi da silin da shi a makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati a Nijeriya. Za a bayyana ma'anarsa da illolinsa da dokokin da suka shafe shi, sannan a kawo ƙa'idojin da ake bi wajen cire shi daga gini. An ɗora bayanin a kan yanayin makarantun Jihar Zamfara, musamman na ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu, inda ɗalibai da dama za su yi aikin koyarwa na gwaji ko su kama aiki bayan kammala karatu. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, haɗarin asbesto ya fi tsananta a ranar da aka zo gyaran gini. Saboda haka wajibi ne malami ya san abin da ya dace a yi tun kafin kafinta ya hau tsani.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar asbesto da dalilin yaɗuwarsa a gine-ginen makarantu;
(b) kawo cututtukan da ƙurarsa ke haddasawa;
(c) jero ƙa'idojin cire shi bi da bi;
(d) fayyace rawar da malami zai taka wajen kare ɗalibansa;
(e) amfani da keɓaɓɓun kalmomin wannan fanni a rubutun Hausa.

9.2 Ma'anar Asbesto

Asbesto ma'adini ne da ake haƙowa daga cikin duwatsu. Ya bambanta da sauran ma'adinai ta yadda yake warwaruwa ya zama zare-zare kamar auduga. Asalin sunan daga harshen Girkanci yake, kuma yana ɗauke da ma'anar abin da ba a iya kashewa. Iri uku ne suka fi shahara a kasuwa, wato fari da ruwan ƙasa da shuɗi. Farin shi ne aka fi amfani da shi a duniya. Ƙasashen da suka yi fice wajen haƙarsa a ƙarni na 20 sun haɗa da Kanada da Rasha da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe.

Abin da ya sa magina suka rungume shi shi ne, ba ya cin wuta, ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa, ga shi kuma da araha. Idan aka gauraya zarensa da siminti sai a samu falle mai ƙwari wanda ake yin rufi ko silin ko bututun ruwa da shi. A irin wannan falle, asbesto kan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, sauran kuwa siminti ne. A ƙasa mai zafi irin tamu yana da wani tagomashi na daban, domin ɗakin da aka rufa da shi ya fi na kwano sanyi, kuma ba ya ƙara idan ana ruwan sama, don haka malami na iya ci gaba da darasi ba tare da ɗaga murya ba.

9.3 Yadda Ya Shiga Makarantunmu

Tun daga wajajen samun 'yancin kai a 1960 aka riƙa sarrafa fallayen asbesto a cikin Nijeriya, a masana'antun da aka kafa a wurare irin su Ikeja da Inugu da Sapele da Kano da Bauci. A shekarar 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa. Wannan shiri ya jawo gina dubban ajujuwa cikin gaggawa a faɗin ƙasa, har da yankin Zamfara, wanda a lokacin yake cikin Jihar Sakkwato kafin a ba shi jiharsa a ranar 1 ga Oktoba, 1996. A wancan zamani silin asbesto na cikin kayan da 'yan kwangila suka saba amfani da su, kuma ba a ɗauke shi a matsayin abin tsoro ba.

A yau ajujuwan da aka gina a 1976 sun kai kimanin shekara 50 a tsaye. Iskar farkon damina na kware rufi, yoyo na jiƙa silin har ya lotsa, jemagu da ɓeraye na zama a cikinsa, yara na buga ƙwallo su fasa shi. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka lamarin asbesto yake: muddin fallen na nan lafiya lau, siminti na riƙe da zaren, haɗarinsa kaɗan ne. Da zarar an fasa shi, ko an huda, ko an yanka da zarto, ko ya ruɓe saboda tsufa, sai zaren ya tashi ya bi iska.

Ya kamata a lura cewa ba kowane silin mai ruwan toka ne asbesto ba. Daga baya an fito da fallayen siminti da ake haɗawa da zaren itace, kuma ido ba ya iya bambance su da na asbesto. Ɗakin gwaji kaɗai ke iya tabbatarwa. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce, duk tsohon falle da ba a gwada ba a ɗauke shi a matsayin asbesto har sai an tabbatar da akasin haka.

9.4 Illolinsa ga Lafiya

Zaren asbesto ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ido ba ya ganin sa, ba shi da wari, kuma yana iya shafe sa'o'i yana yawo cikin iskar ɗaki. Idan aka shaƙe shi yakan wuce can cikin huhu ya maƙale, jiki kuma ya kasa narkar da shi. Cututtukan da yake haddasawa sun haɗa da:

(a) Ƙandarewar huhu: huhu kan yi tabo ya ƙandare, numfashi ya riƙa yi wa mutum wuya. Ba ta da maganin warkewa.
(b) Sankarar huhu: haɗarinta na ninkuwa ga wanda yake shan taba.
(c) Sankarar tantanin huhu, wadda likitoci ke kira mesoteliyoma: tana kama siririn tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki, kuma mafi yawan masu ita asbesto ne sanadi.
(d) Sankarar maƙogwaro da ta ƙwan mace.

An daɗe da gano wannan illa. A shekarar 1924 wata ma'aikaciyar masaƙar asbesto a Ingila mai suna Nellie Kershaw ta rasu, kuma rahoton likita a kan mutuwarta na cikin na farko da suka bayyana ƙandarewar huhu. A 1960 wani likita mai suna Wagner da abokan aikinsa suka nuna dangantakar asbesto da mesoteliyoma a yankin ma'adinai na Afirka ta Kudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa dukkan ire-irensa, har da farin, suna jawo sankara, kuma ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara sakamakon shaƙarsa a wuraren aiki.

Babban abin lura ga malami shi ne jinkirin da cutar ke yi. Takan ɗauki shekara 20 zuwa 40, wani lokaci ma fiye, kafin ta bayyana. Yaron da ya shaƙi ƙurar yana aji biyu na firamare zai iya kammala karatu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, sannan ciwon ya taso masa, a lokacin da babu mai tuna ranar da aka sauke silin ajinsu. Wani kwamitin masana na gwamnatin Birtaniya ya bayyana a 2013 cewa haɗarin kamuwa da mesoteliyoma ga yaron da ya fara shaƙa yana shekara 5 ya ninka na baligin da ya fara yana shekara 30 kimanin sau biyar, saboda yaron na da sauran shekaru masu yawa a gaba da cutar za ta samu damar bayyana.

9.5 Darasi daga Gubar Dalma

Mutanen Zamfara sun riga sun ɗanɗana abin da ƙura mai guba ke yi wa yara. A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin nan ta duniya da ake kira MSF ta gano cewa yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yar Galma. Bincike ya nuna cewa duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje na ɗauke da dalma, ƙurar kuma ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe. An ƙiyasta cewa fiye da yara 400 suka rasu. Kafin a iya yi wa waɗanda suka rayu magani mai ɗorewa, sai da aka kankare ƙasar saman gidaje, aka kai ta ramuka na musamman aka binne, aka zubo sabuwa. Garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai a 2013.

Dalma da asbesto guba ne daban-daban, amma darasinsu ɗaya ne ta fuskoki biyu. Na farko, dutsen yana kwance ba ya cutar da kowa, sai da aka farfasa shi aka niƙa kusa da yara. Na biyu, kuɗi da wahalar share guba bayan ta watsu sun ninka na hana ta watsuwa. Inda suka sha bamban shi ne, dalma ta nuna kanta cikin watanni har duniya ta kawo agaji, shi kuwa asbesto ba ya tayar da hankalin kowa a lokacin da ake shaƙarsa. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

9.6 Matsayin Doka

Ƙasashe fiye da 60 sun haramta amfani da asbesto. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018. A Kanada ma akwai garin da a da ake kira Asbesto saboda ma'adinin da ke cikinsa, amma a 2020 mazaunansa suka kaɗa ƙuri'ar sauya masa suna.

Dangane da makarantu, dokar da Amurka ta kafa a 1986 abin nazari ce. Ta wajabta wa hukumomin makarantu su bincika gine-ginensu, su rubuta tsarin kula da duk asbeston da aka samu, su sake cikakken bincike duk shekara uku, su riƙa duba yanayinsa duk wata shida, su naɗa jami'in da zai ɗauki nauyin lamarin, kuma su riƙa sanar da iyaye da malamai duk shekara. Dokar ba ta ce a cire kowane asbesto nan take ba. Ta yarda a bar mai lafiya a wurinsa ana sa masa ido, domin cirewa ta ganganci ta fi bari haɗari.

A Nijeriya, dokokin muhalli sun samo asali ne daga abin da ya faru a garin Koko na Jihar Delta ta yanzu, inda a 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka shigo da su daga Italiya. A wannan shekara aka kafa Doka ta 42 a kan shara mai cutarwa, wadda ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai zubar da irin wannan shara ba bisa ƙa'ida ba. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati alhakin kare muhalli. A 2007 aka kafa hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, wadda a 2011 ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan harkar gine-gine, da suka shafi ƙura da shara da abubuwa masu haɗari a wurin gini ko rushewa.

A ɓangaren ilimi kuwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa gyaran makarantun firamare da ƙananan sakandare na bi ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ofisoshin sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi. A 2023 gwamnatin Jihar Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, abin da ya buɗe ƙofar gyare-gyaren makarantu. Gyara abin so ne, amma a lokacinsa ne ake sauke tsofaffin rufi da silin. Idan ba a sa sharaɗin asbesto cikin takardar kwangila ba, sai a wayi gari garin neman gira an rasa ido.

9.7 Ƙa'idojin Cire Asbesto

Ƙa'idojin da hukumomin lafiyar ma'aikata suka amince da su sun kasu kashi uku.

Kafin aiki:
(a) A bincika ginin, a rubuta inda ake zargin akwai asbesto da yanayin da yake ciki.
(b) A yanke shawara ko cirewa ta zama dole. Silin da bai fashe ba ana iya barin sa a shafe shi da fenti, ba tare da an kankare shi ba.
(c) A ba da aikin ga ɗan kwangilar da ma'aikatansa suka samu horo, a kuma sanar da hukumar muhalli.
(d) A tsara aikin lokacin hutu. A fitar da kujeru da littattafai, a killace wurin, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa.

Lokacin aiki:
(a) Ma'aikata su sa takunkumi na musamman mai tace ƙura, da rigar aiki wadda za a zubar bayan an gama. Takunkumin yadi ko rawani ko hankici ba sa tare zaren asbesto.
(b) A jiƙa fallen da yayyafin ruwa mai ɗan sabulu kafin a taɓa shi, domin jiƙaƙƙen falle ba ya tayar da ƙura.
(c) A zare ƙusoshi ko a kwance notuna a hankali, a sauke falle ɗungurungum. Kada a fasa shi, kada a jefo shi daga sama.
(d) Kada a yi amfani da injin yanka ko na huda.
(e) Kada a ci abinci ko a sha taba a wurin.

Bayan aiki:
(a) A naɗe fallayen da gutsattsarinsu cikin leda ninki biyu, a manne, a rubuta gargaɗi a jiki.
(b) A goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, sannan a haɗa tsumman cikin sharar. Kada a yi shara da tsintsiya.
(c) Ma'aikata su wanke jiki kafin su tafi, kada su kai kayan aiki gida a wanke musu, domin an sha samun matan ma'aikata da suka kamu ta hanyar wankin tufafin mazajensu.
(d) A kai sharar wurin da hukumar muhalli ta amince a binne. Ƙonawa ba ta lalata asbesto, sai ma ta farfasa fallen.

9.8 Rawar da Malami Zai Taka

Malami ba injiniya ba ne, amma shi ne ke cikin aji kullum. Jami'in hukuma na iya isa makarantar da ke cikin garin Gusau cikin 'yan mintoci, amma makarantar ƙauye a ƙasar Tsafe ko ta Bungudu takan daɗe ba ta ga mai duba gini ba. A irin wannan wuri idon malami ne kaɗai kariyar yara. Ga abubuwan da suka rataya a wuyansa:

Na farko, idan silin ya faɗo ko iska ta fasa rufi, ya fitar da yara, ya rufe ajin, ya sanar da shugaban makaranta, shi kuma ya rubuta wa sakataren ilimi. Al'adar makarantunmu ce a sa ɗalibai sharar safe, to a irin wannan rana kada a miƙa wa yaro tsintsiya, musamman da hunturu lokacin da komai ya bushe.

Na biyu, kada ya buga ƙusa a silin domin rataye taswira ko ado, kada kuma ya bari a huda shi domin sa fanka ba tare da an bi ƙa'ida ba.

Na uku, ya yi amfani da taron iyaye da malamai da na kwamitin kula da makaranta wajen wayar da kai. Sau da yawa idan aka sauke tsohon rufi, maƙwabta kan roƙi gutsattsarin domin rufa akurkin kaji ko makewayi, ko cike ramin hanya inda babura za su niƙe shi ya koma gari. Hana su ba rowa ba ce, kuma idan aka yi bayani ta bakin mai unguwa da limamin gari, jama'a za su fahimta.

Na huɗu, ya tabbata an rubuta komai a littafin tarihin makaranta: ranar da aka yi aiki, da ajin da aka taɓa, da inda aka kai sharar. Malamai kan samu canjin wurin aiki, amma rubutun zai amfani wanda ya zo daga baya.

9.9 Nazarin Kalmomi

Wannan darasi ya nuna hanyoyi uku da Hausa ke bi wajen samar da kalmomin sabon fanni. Akwai aro tare da gyaran furuci, kamar asbesto da siminti da kafinta da lebura, inda aka sa kalmomin suka ƙare da wasali kamar yadda mafi yawan kalmomin Hausa suke. Akwai faɗaɗa ma'ana, kamar takunkumi, wanda asalinsa abin da ake ɗaura wa dabba ne a baki, yanzu kuma ya ɗauki ma'anar abin rufe hanci da baki. Akwai kuma ƙirƙira ta hanyar bayani, kamar ƙandarewar huhu da sankarar tantanin huhu. Malamin Hausa na da alhakin zaɓar kalmar da mutumin karkara zai gane, domin gargaɗin da ba a fahimta ba ba ya kare kowa.

9.10 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa asbesto ma'adini ne da ya shiga gine-ginen makarantu saboda ƙwarinsa da arharsa, kuma ƙurarsa na haddasa cututtukan da ba sa bayyana sai bayan shekaru masu yawa. An ga cewa haɗarin na tasowa ne idan aka fasa shi, shi ya sa dokoki suka fi mayar da hankali a kan bincike da sa ido da cirewa bisa tsari. An kuma nuna cewa malami na iya kare ɗalibansa ta hanyar rufe ajin da silinsa ya fashe, da hana shara, da kai rahoto a rubuce, da wayar da kan iyaye.

9.11 Tambayoyi

1. Mene ne asbesto? Kawo dalilai huɗu da suka sa aka yi amfani da shi a gine-ginen makarantu.
2. Me ya sa haɗarin asbesto ga yaro ya fi na baligi?
3. Kwatanta annobar gubar dalma ta 2010 da matsalar asbesto, ka nuna inda suka yi kama da inda suka bambanta.
4. Jero ƙa'idoji biyar da ake bi lokacin cire silin asbesto, tare da dalilin kowace.
5. A matsayinka na shugaban wata makarantar firamare a Ƙaramar Hukumar Bungudu, rubuta wasiƙa zuwa ga sakataren ilimi a kan silin ajin da ya faɗo, ka bayyana matakan da ka ɗauka da waɗanda kake neman a ɗauka.
6. Tsara sanarwa da ba ta wuce kalma 100 ba, wadda sankira zai yi shela da ita domin hana jama'a kwasar gutsattsarin tsohon rufin makaranta.